Dattijo mai haɗa maganin barci, tramadol da giya: a ƙwace masa gaba ɗaya ko a bi a hankali?

Ummu Safiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so masana magunguna da masu jinyar dattawa su warware mana wata matsala da ake yawan cin karo da ita, amma nauyin baki ya hana a tattauna ta.

A ɗauki misalin dattijo ɗan shekara 75, nauyinsa bai wuce kilo 55 ba. Yana da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Shekara huɗu ke nan yana shan diazepam miligiram 10 kowane dare don ya samu barci. Na mako biyu aka rubuta masa tun farko, shi kuma ya ɗore a kai. Yana shan tramadol miligiram 100 sau uku a rana saboda gwiwa, idan ciwon ya matsa ya ƙara da diclofenac. Sai daga baya iyali suka gano cewa tun rasuwar matarsa yake shan giya a ɓoye, kwalba uku ta rabin lita kusan kowane dare. Cikin wata shida ya faɗi sau uku, mantuwa ta yi yawa, da rana gyangyaɗi, da tsakar dare ido biyu. Kowa ya ce ai gigin tsufa ne.

Abin da 'ya'ya suka fi yi a irin wannan hali shi ne su shiga ɗakin, su tattara ƙwayoyin da kwalaben su zubar, su ce daga yau an daina. Shin hakan daidai ne? Idan ba daidai ba ne, da wanne ake farawa? Kuma me ya sa abin da mutum ya yi shekaru yana sha bai taɓa kayar da shi ba, yanzu yake kayar da shi?

Malam Famasi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki tambayarki ta ƙarshe, domin idan ba a fahimce ta ba sauran maganar ba za ta zauna ba. Sunayen magungunan kuma zan bar su yadda suke a jikin kwali, don wanda zai je ya duba ya gane.

Ƙwayar ba ta canza ba, jikin da take shiga ne ya canza. Yayin da mutum ke tsufa tsoka na raguwa, ruwan jiki na raguwa, kitse na ƙaruwa ko da a ido ya rame. Barasa a cikin ruwan jiki take bazuwa, don haka kwalba ɗaya a jikin ɗan shekara 75 takan kai matakin da ya fi na ɗan shekara 35 yawa a jini, tamkar cokalin gishiri ne a ƙaramin kofi maimakon babba. Diazepam kuwa kitse yake bi, ya kwanta a ciki yana fitowa a hankali. Akwai wani ƙiyasi da aka daɗe da sani tun binciken shekarun 1970: awannin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da rabin diazepam sun yi kusan daidai da shekarun mutum. Ɗan shekara 20, kusan awa 20. Ɗan shekara 75, kusan awa 75. Wato abin da wannan dattijo ya haɗiya daren Litinin, rabinsa na jikinsa har daren Alhamis, ga na Talata da na Laraba sun hau kai. Idan aka yi lissafin, mai sha kowane dare yana yawo da abin da ya kai ninki biyar na ƙwaya ɗaya a jikinsa, ba a ma sa sinadarin da hanta ke juya shi zuwa gare shi ba, wanda ya fi shi daɗewa. Gyangyaɗin rana da harɗewar ƙafa daga nan suke.

Sai ƙoda. Kada a ruɗu da takardar gwaji da ta nuna creatinine, wato dattin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, 1.1 a ce lafiya lau. Ana lissafin aikin ƙoda ne haka: a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi, a raba da 72 sau adadin creatinine. A nan 65 sau 55 ya ba da 3,575, a raba da 79.2, ya fito kusan mililita 45 a minti. Idan mace ce a ƙara ninkawa da 0.85. Wannan bai kai rabin na matashi ba, kuma ta ƙoda tramadol ke fita. Iyakar tramadol ga baligi miligiram 400 ne a rana, ga wanda ya haura 75 kuma 300 ne, idan aikin ƙoda ya yi ƙasa da 30 sai a koma duk awa 12, kada a wuce 200. Dattijonmu yana kan rufin iyakar, da ƙodar da ta riga ta gaji.

Yanzu giyar. Rabin lita mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da mililita 25 na tsantsar barasa, a ninka da 0.79, ya zama kusan giram 20. Uku a dare giram 60, a mako 420. Don kwatance, shawarar hukumomin lafiya na Birtaniya ta 2016 ita ce kada a wuce ma'auni 14 a mako, wato giram 112, kuma wannan ga mai lafiya ne da ba ya haɗawa da komai. Shi yana shan kusan ninki huɗu. Ga mai shan diazepam da tramadol kuwa babu wani adadi da za a kira daidai.

Haɗarin gaske a haɗuwarsu yake. Giya, diazepam da tramadol duk suna danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa a 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa dangin tramadol da kodin da dangin diazepam. Jerin Beers, wanda ƙungiyar likitocin dattawa ta Amurka ke sabuntawa, a bugunsa na 2023, ya ce a guji wannan haɗin, a kuma guji tara magunguna uku ko fiye masu taɓa ƙwaƙwalwa a jikin wanda ya kai 65. A nan a lura da waɗanda mutane ba sa ƙirgawa: chlorpheniramine na mura, promethazine, amitriptyline, pregabalin da gabapentin na ciwon jijiya, da maganin tari mai kodin. Duk suna ƙara nauyi a gefe ɗaya.

Abu biyu kuma da ake yawan tsallakewa. Na farko suga. Barasa tana hana hanta fitar da suga cikin dare, don haka mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin sugansa na iya faɗuwa da asuba, a gan shi yana gumi yana sambatu a ce buguwa ce. Tramadol ma da kansa yakan saukar da suga. Idan awon suga ya yi ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a ba shi giram 15 na suga idan yana iya haɗiya, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki. Na biyu diclofenac: shi da giya suna cin bangon ciki, kuma idan ya haɗu da lisinopril na hawan jini da maganin sa fitsari, ƙoda ce ke biyan bashin. Baƙin bayan gida kamar kwalta alamar zubar jini ce a ciki, ba a kwana da ita a gida.

Likita Abu Hanif ya rubuta:

Malam Famasi ya gama da wancan ɓangaren. Amsar tambayar farko ita ce a'a, kada a zubar da komai rana ɗaya. Niyyar 'ya'yan mai kyau ce, amma hanyar na iya kashe shi, kuma ba zuguguwa nake yi ba.

Giya da diazepam wuri ɗaya suke aiki a ƙwaƙwalwa, su ne birkinta. Shekaru ana taka birki, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wuta don ta ci gaba da tafiya. Ranar da aka saki birkin gaba ɗaya, wutar na nan. Ga mai shan giya kullum, awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe sai rawar hannu, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya da hawan jini. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni shi ne ruɗewar da ke zuwa tsakanin kwana biyu zuwa huɗu: zazzaɓi, gane-gane, firgita, mutum bai san inda yake ba. Wannan tana kisa idan ba a yi magani ba, kuma a jikin dattijo takan fi tsawo, ta zo da shaƙewa, ciwon huhu da rikicewar bugun zuciya. Na diazepam kuma yaudara gare shi. Saboda daɗewarsa a jiki, sai a yi kwana biyar ko mako ba a ga komai ba, iyali su ce ka ga ni, ashe ba komai, sannan abin ya taso a mako na biyu. A ƙara da cewa tramadol yana sauƙaƙa wa jijjiga zuwa. Cire giya da diazepam a bar tramadol shi ne mafi munin tsarin da za a iya yi.

Yadda ake jerawa:

Diclofenac a ajiye shi yau. Ba ya da ciwon janyewa, wato wahalar da jiki ke shiga idan an daina abin da ya saba da shi, cutarwarsa kawai ke ƙaruwa. Haka magungunan mura masu sa barci.

Giya ita ce ta farko da za a tunkara, kuma ga mutum irin wannan a gadon asibiti. Shekarunsa, sugansa, faɗuwarsa da diazepam ɗin da yake sha, kowanne shi kaɗai ya isa dalili. A asibiti ana auna tsananin janyewa da ma'aunin CIWA-Ar duk bayan 'yan awanni, a ba da magani gwargwadon makin. Ga dattawa da masu raunin hanta an fi son lorazepam ko oxazepam, domin ba sa taruwa a jiki. Dole a gaya wa likita ainihin diazepam ɗin da yake sha a gida, in ba haka ba za a yi lissafi ba da shi ba, ruɗewa ta dawo bayan an sallame shi. Galibi kwana biyar zuwa bakwai ake yi, dattijo na iya wuce haka.

Sai bitamin B1, wato thiamine. Mai shan giya da ba ya cin abinci sosai ajiyarsa ta wannan bitamin takan ƙare cikin 'yan makonni, kuma ƙarin ruwa mai suga yana cinye ragowar. Sakamakon shi ne cutar Wernicke: ruɗewa, tangaɗi, da rawar ƙwayar ido ko gani biyu-biyu. Ba sai ukun sun haɗu ba, mafi yawan masu ita ba sa nuna su duka. Idan aka makara sai ta koma mantuwa ta dindindin, mutum ya kasa riƙe sabon abu. Don haka ana ba da shi ta allura kafin ruwan suga ko tare da shi, domin hanjin mai shan giya ba ya tsotse na haɗiya sosai. Idan suga ya faɗi ƙasa ba a jinkirta ba shi suga don jiran bitamin, a ba da su tare. A duba magnesium ma, idan ya yi ƙasa thiamine ba ya aiki yadda ya kamata.

Bayan giya ta lafa sai tramadol. Ga wanda ya shekara yana sha, ragin kusan kashi 10 cikin 100 a wata ya fi zama lafiya, wanda bai daɗe ba ana iya yi masa mako-mako. Janyewarsa fuska biyu ce: ciwon jiki, zawo, hamma da yoyon hanci irin na dangin kodin, da kuma fargaba, jiri da jin kamar wutar lantarki a kai, domin yana taɓa sinadaran da magungunan damuwa ke taɓawa.

Diazepam shi ne na ƙarshe kuma mafi jinkiri: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk mako biyu zuwa huɗu. A aikace, a koma ƙwayar miligiram 2 mai tsaga a tsakiya, a sauka 10, 9, 8, 7, haka. Daga 5 zuwa ƙasa a koma rage rabin miligiram, don ƙarshen ya fi farkon wuya. Idan wani mataki ya yi tsauri a tsaya a kansa har jiki ya saba, ba a komawa sama sai dole. Wata shida zuwa shekara ba abin mamaki ba ne. Kada a ce dattijo ba zai iya ba. A binciken EMPOWER da aka yi a Kanada aka wallafa a 2014, ɗan littafin bayani kawai aka aika wa masu shekara 65 zuwa sama da suka daɗe kan irin waɗannan ƙwayoyi, kuma kashi 27 cikin 100 suka daina cikin wata shida, a kan kashi 5 na waɗanda ba a aika wa ba.

Ummu Safiyya ta rubuta:

Allah ya saka da alheri Likita da Malam. To batun mantuwar fa? Ta yaya iyali za su san ko gigin tsufa ne na gaske ko aikin waɗannan abubuwa ne? Kuma ya ake samun gaskiyar yawan abin da yake sha, tunda ba zai yarda ɗan cikinsa ya titsiye shi ba?

Likita Abu Hanif ya rubuta:

A dubi yadda abin ya faro. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni, kuma a farkonsa mutum na iya bin zance. Ruɗewar magani ko ciwo cikin awanni ko kwanaki take zuwa, tana hawa tana sauka, da safe garau da yamma birkice. Gwaji mai sauƙi: a ce ya jero watannin shekara daga Disamba ya komo baya. Wanda hankalinsa ba ya tsayuwa zai ɓace kafin ya kai Yuli.

Wanda ya faɗi sau uku kuma yana shan giya sai an yi masa hoton kai. Ƙwaƙwalwar dattijo tana ɗan tsukewa, jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, ƙaramin bugu ya tsinka ɗaya. Jinin na taruwa sannu a hankali, sai bayan makonni a ga ciwon kai, yawan barci, jan ƙafa ɗaya ko canjin hali, an ma manta da faɗuwar. Idan yana shan warfarin ko aspirin, masu hana jini daskarewa, haɗarin ya ƙaru. Wannan ana yin aikinsa mutum ya dawo daidai, asara ce babba a bar shi da sunan tsufa.

A gwajin jini a nemi sodiyam, domin tramadol da hydrochlorothiazide, maganin hawan jini mai sa fitsari, duk suna saukar da shi, kuma ƙasa da 135 ya fara kawo jiri da ruɗewa. A nemi suga, aikin ƙoda da hanta, B12, aikin thyroid, wato abin da ke kumbura a wuya ya zama maƙoƙo, da girman jajayen ƙwayoyin jini, wanda kan haura 100 a masu shan giya da yawa. Hukuncin gigin tsufa kuma a ɗage shi sai ya yi aƙalla wata biyu ba giya, an kuma yi nisa da rage diazepam. Da yawa ƙwaƙwalwarsu na washewa fiye da yadda aka zata.

Sista Bilki ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Rabin tambayar Hajiya na biyu shi ne inda aikin ke lalacewa, don haka bari in tsaya a kansa.

Dattijo ba ya jin tsoron ciwo kamar yadda yake jin tsoron zubewar girma. Idan aka tara masa 'ya'ya da surukai aka baje kwalabe a gabansa, an gama, daga ranar sai ya ƙara iya ɓoyewa. Mutum ɗaya ya kamata ya yi maganar, wanda ya fi sakewa da shi, ko ma'aikacin lafiya, a keɓe, da safe lokacin da kansa ke wasai. A shiga ta ƙofar da shi ma ta dame shi: "Baba, faɗuwar nan ce ta tsaya mana a rai, likita na son sanin duk abin da ke shiga jikinka don kada ya rubuta wanda zai yi karo da shi." Kada a tambaya "kana sha?" domin amsar a'a ce. A tambaya "daren jiya guda nawa ne, da ƙarfe nawa aka fara?" A bi kwanakin mako ɗaya bayan ɗaya. Mai zuba barasa mai ƙarfi a kofi kuma a ce ya zuba ruwa daidai inda ya saba, a auna. Sau da yawa abin da yake kira kofi ɗaya biyu ne ko uku, tunda mililita 30 kacal na mai kashi 40 cikin 100 ya kusa giram 10.

Akwai tambayoyin tantancewa da aka tsara. AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya tambaya 10 ne, maki 8 zuwa sama alamar matsala ce, ga dattawa ana saukar da mizanin. SMAST-G don dattawa aka yi shi, shi ma 10 ne, "e" biyu sun isa a zurfafa bincike. Na fi son na biyun saboda yana tambayar abubuwan da suka shafe su, kamar ƙara sha bayan rashin wani, ko tsallake abinci bayan an sha. Tambayoyin da ke neman ko an kore ka daga aiki ko an kama ka kana tuƙi ba sa kama wanda ya yi ritaya yana zaune shi kaɗai.

Ranar zuwa asibiti a zuba duk abin da yake sha a jaka ɗaya, har da na ganye da na tari da waɗanda ya karɓa a hannun abokai. Za a sha mamaki: magani ɗaya da sunan kamfani biyu, yana shan duka biyun. A gida kuma a gwada abu biyu. A auna jininsa bayan ya kwanta minti biyar, a sake aunawa a tsaye a minti ɗaya da minti uku, idan na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, to jirin tashi na cikin masu kayar da shi. Sannan ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye na nufin faɗuwa na gaba ba ta da nisa. A bar fitila a hanyar banɗaki, a ɗauke shimfiɗu masu zamewa, domin yawancin faɗuwar tsakar dare ce a hanyar fitsari.

Kowa a gidan ya san alamun shan da ya wuce kima: ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi ƙasa da 10 a minti ko munshari mai sarƙewa, leɓe ya canza launi, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe, a nemi agajin gaggawa. Idan akwai naloxone, maganin da ke karya ƙarfin dangin tramadol da kodin, a ba shi, miligiram 0.4 a tsoka ko fesawar hanci mai miligiram 4, a maimaita bayan minti biyu zuwa uku. Amma aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, tramadol ya fi shi daɗewa, kuma ba ya warware giya ko diazepam. Ko ya buɗe ido asibiti za a nufa.

Baban Khalil ya rubuta:

Ban ƙi ko ɗaya daga abin da aka faɗa ba, amma ina ganin an yi ta maganar cirewa ba a ce me za a mayar a gurbinsu ba. Mutumin nan dalili uku ya kai shi: gwiwa, rashin barci da kewar matarsa. Idan aka kwashe ƙwayoyin aka bar masa ukun, cikin wata biyu zai koma.

Kuma a lura, yana cikin waɗanda suka fara sha a makare. Ana ƙiyasta su da kusan kashi ɗaya cikin uku na dattawa masu matsalar giya, kuma sun fi saurin amsa magani fiye da waɗanda suka taso da ita tun ƙuruciya. A auna shi da tambayoyin damuwa na dattawa guda 15, maki 5 zuwa sama a bincika sosai. A tambaye shi kai tsaye ko yakan ji ya gaji da rayuwa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma namiji dattijo, mai takaba a zuci, mai ciwo, mai giya da tarin ƙwayoyi a gefen gado yana cikin waɗanda aka fi jin tsoron su cutar da kansu. Maganin mako ɗaya kawai za a bari a hannunsa.

Barci kuwa, giya tana sa shi da wuri ta kore shi da ƙarfe biyu, ga fitsari. A tsayar masa da lokacin tashi ɗaya kullum, barcin rana kada ya wuce minti 30, ya fita cikin hasken safe, kada ya hau gado sai barci ya zo. Mai kwanciya ƙarfe takwas da ya farka ƙarfe uku ya yi awa bakwai, ba rashin barci ke damunsa ba, tsawon dare ne da kaɗaici.

Malam Famasi ya rubuta:

Gaskiyarka Baban Khalil. Ga gwiwa, diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya aminci nesa ba kusa ba, kaɗan ne ke shiga jini. Farasitamol a kan lokaci, amma ga mai kilo 55 da hantarsa ta sha giya kada a wuce giram 2 a rana sai likita ya duba hantar, kuma a karanta jikin magungunan mura don da yawa suna ɗauke da shi. Motsa jiki mai ƙarfafa tsokar cinya yana rage ciwon, sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar mai ciwo ake riƙe ta.

Tarko biyu idan aka zo rubuta sabbin magunguna. Idan za a ba shi maganin damuwa kamar sertraline ko fluoxetine yana kan tramadol, ana iya samun zazzaɓi, rawar jiki, fizgar tsoka da ruɗewa, ga sodiyam ya ƙara faɗuwa, don haka mai rubutawa ya san da tramadol ɗin. Sannan naltrexone, mai rage sha'awar giya, ba a ba wanda ke shan tramadol ko kodin, zai jefa shi cikin janyewa nan take, sai ya yi kwana 7 zuwa 10 ba su. Acamprosate, shi ma na taimaka wa barin giya, ba shi da wannan matsalar amma ta ƙoda yake fita: mai aikin ƙoda 45 irin dattijonmu rabin adadi zai sha, miligiram 333 sau uku, ƙasa da 30 kuma ba a ba da shi. Disulfiram, wani maganin hana shan giya, a bar shi, zuciyar dattijo ba ta ɗaukar abin da yake haddasawa idan aka kuskura aka sha giya a kansa.

Hajiya, zubarwar da 'ya'yan ke son yi tana da lokacinta, bayan an sauka ne. Wanda aka rage wa tramadol zuwa miligiram 50 na wata biyu jikinsa ya manta da 300. Ranar da gwiwa ta tashi ya laluba aljihun tsohuwar riga ya samu sauran katin da ya ɓoye, ya sha yadda ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Don haka duk matakin da aka sauka, a bi ɗakin da yardarsa, ƙarƙashin katifa, aljihuna da cikin mota, a tattara ragowar a mayar wa mai harhaɗa magani ya lalata su.